Motar Babana tana tafasa, shi kuma ya hana a canza inji

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana, 'yan garinmu da yawa suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina.

Ni ɗan Filinge ne. Babana tsohon direba ne, yana da wata tsohuwar bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, wadda ta girme ni nesa. Da ita ya yi ta jigilar 'yan kasuwa zuwa Abala da Sanam, da ita ya ciyar da mu. Ciwon suga ya cinye mishi ido, yanzu ba ya gani ko kaɗan, shi ya sa na ajiye aikina a Yamai na dawo gida, don yayana yana da iyali da aikin gwamnati a can, ni ne mai sauƙin tasowa. Kullum da safe sai Baba ya sa a kai mishi kujera kusa da motar, in tada ta, ya dafa kapo, wato murfin inji, yana saurare. Ranar da ya ji ƙararta sai ya ci abinci sosai, ranar da ba a tada ta ba ko fura ba ya sha.

Tun bazarar bara motar ta fara zafi. Cikin gari lafiya lau, amma in anka hau gudiro, wato kwalta, anka ɗan yi nisa sai allurar zafi ta haye ja, ruwa ya kama tafasa. Na kai ma makanikinmu, in kira shi Hamani, munka cire lagireto munka wanke, abin da ya fito ciki kamar kunun kanwa, ya ce ruwan rijiya da Baba ya shekara yana zuba mata ne ya toshe hanyoyin. Munka canza marfi da tiyo, daga baya famfon ruwa, munka ɗaure bel, har fankar lantarki munka ƙara mata. Wani direba a tasha ya ce in zuba garin barkono a lagireto yana liƙe yoyo, wallahi har shi na zuba. Sai ta yi kamar ta warke, ta sake komawa. Daga ƙarshe Hamani ya nuna mini kumfa na tasowa a bakin lagireto in inji na aiki, ga farin hayaƙi, ga man inji ya koma kamar an dama shi da nono. Ya buɗe kan inji, ya ce ba gasket ba ne kaɗai, jikin injin ne ya tsage, ko an liƙe ba zai riƙe ba, sai dai a sa wani.

Da na faɗa ma Baba sai ya ce, "Injin nan da hannuna na haɗa shi. Ranar da kunka cire shi, ku wuce ku haƙa mini kabari kawai." Gwaggona kuma, ƙanwarshi, wadda har yanzu tana riƙe da bori irin na kakanninmu, ta ce ba ƙarfe ba ne ke ciwo, tun da Baba ya daina yanka ma motar zakara duk shekara ne iskokin da ke tare da ita sunka yi fushi. Baba ya ce ya tuba da wannan tuntuni, sunka yi faɗa sosai, har yau ba ta shigo gidan ba, kuma da ma ita ce ke kama mini jinyarshi.

Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne, duk wata sai na kai shi Yamai wurin likita, kuma ya rantse ba zai sake shiga motar haya ba, don akwai ranar da amai ya kubce mishi a ciki, fasinja sunka yi ta tsaki yana ji. Randebu ɗin likita da ya wuce na cika bido da ruwa munka kama hanya, muna wuce Bonkuku kaɗan ta tafasa, tururi ya rufe gilashi. Na tsaya a dajin da ba gida ba inuwa, rana tsaka, kuma ba halin buɗe marfi sai ta huce. Muna nan sai ga wasu mutane a kan babura, fuska a rufe, sunka rage gudu suna kallonmu. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Baba ya ce su wane ne, na ce masu zuwa kasuwa ne. Allah ya sa sunka wuce, har yau ban san ko su wane ne ba. Da motar ta huce na ƙara mata ruwa munka ci gaba, amma kafin mu isa Yamai jikin Baba ya saki, sai da anka sa mishi ƙarin ruwa.

Yayana ya yi ta yi mini faɗa a waya, ya ce ni ne zan kashe tsohon da biye mishi, ya samo wani inji na hannu, in kai motar garaji in ce wanki za a yi, a canza a ɓoye. Amma shi ba ya gida, bai san yadda kunnen Baba yake ba. Mutumin da in bel ya ɗan saki yana daga kujera zai faɗa maka, shi ne ba zai gane baƙon inji ba? Kuma ni ke sa mishi allura, ni ke kai shi bayi, duk abin da na ce mishi yana gabanshi yarda yake yi don ba shi da wani ido sai ni. In ya kama ni da ƙarya sau ɗaya, ban san da me zai sake yarda ba.

Randebu na gaba ya matso, ba ni iya barci. In canza a ɓoye in ɗauki abin da zai biyo baya? Ko akwai makaniki a cikinku da ya taɓa ganin tsagaggen inji ya liƙu ya yi tafiya mai nisa? Wanda ya taɓa jinyar uba mai taurin kai ya faɗa mini yadda ya yi, don ni dai ba zan iya sake tsayawa da makaho a dajin nan ina mishi ƙarya ba.