Kwalta a Rufin Tirela

Sansanin Bakin Kogi, Livingston, Montana
3 ga Satumba, 1996

Yaya Orval,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da shanu, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Ni ma ina nan, gwargwadon lafiyar macen da ta binne mijinta wata huɗu da suka wuce.

Ka san ban yi zurfi a makaranta ba, don haka ga abin da ke tafe da ni kai tsaye. Mai sansani ya manna takarda a ƙofar ofis. Ran sha biyar ga Oktoba zai rufe ruwa, ya sa wa ƙofa kwaɗo, kamar kowace shekara. Ina so in ja tirelata, ɗakin kwanana mai tayoyi, zuwa Yuma, inda ni da ƙaninka Dewey muka yi shekara shida muna gudun sanyi.

Tirela ba ta tafiya da ƙafarta. Akori-kurar Dewey, mai farantin ƙarfe na maƙala tirela a bayanta, tana wurinka tun washegarin jana'iza. Ka ce ajiya ce kawai. Na san sunanku biyu ne a takardunta, kuma ba rigima nake nema ba. Roƙo nake, ka kawo mini ita.

Tun da muka sayar da gidan Billings ba ni da wani ɗaki a duniya sai wannan mai tsawon ƙafa talatin. Tamfol ɗin da ka rufa mini a kan rufi yana nan, na gode.

Maƙwabciyata Bernadine, wadda ta yi shekara talatin tana tuƙa bas ɗin makaranta, tana koya mini ja da baya da motarta. Jiya na take mata tukunyar fure. Ta ce, "Verna, addu'a a coci ake yi, nan madubi za ki kalla!" Da ta ja mini tawa, amma ita ma tana da tata tirelar.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara sauƙi.

Matar ƙaninka,
Verna

Gonar Tackett, Roundup
9 ga Satumba

Zuwa ga Misis Tackett,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso. Ƙafa tana nan yadda take.

Ba zan kawo mota ba. Shekarunki sittin da huɗu, ko amalanke ba ki taɓa ja ba. Ƙanina da ya iya aikin ya taɓa mantawa bai gwada makullin faranti ba, tirela ta zame ta faɗo a bayan motar, lotsewar tana nan har yau. Ke ce za ki gangaro duwatsu da tan biyar a ƙeyarki, don wata direbar bas ta ba ki darasi a kan ciyawa?

Akwatin nan kuma ya gama yayi. Tun bara ba a sa wa boris giris ba, tayoyi duk sun tsattsage. Akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa a Billings, zai zo ya ɗauke shi har wurin. Na yi magana da fasto, ya ce akwai ɗaki a gidan tsofaffi na coci, da ɗumi da abinci sau uku.

Kin ce ba ki neman rigima. Ni ma haka. Amma abin da na faɗa a bakin kabari ban janye ba. Mutum mai shekara sittin da tara ba ya hawa rufi da sassafe cikin raɓa don son ransa. Kwana uku kina yi masa mitar ruwa na ɗiga a kan gado, shi ya gaya mini a waya. Ke da ba ki taɓa ɗora ƙafa a tsanin nan ba, ke kika aika shi sama.

Kada ki taɓa tamfol. Na ɗaure shi yadda ya kamata.

Ki huta lafiya.
O. R. Tackett

Sansanin Bakin Kogi
22 ga Satumba

Orval,

Ina gaishe ka albarkacin Dewey.

Kwana biyu na yi ina kuka a kan takardarka. Ba sabon abu ka gaya mini ba. Tun Mayu nake gaya wa kaina haka, safe da yamma. Ina ciki ranar, ruwan kofi na kan wuta, na ji takunsa a saman kaina, sai na ji wani abu kamar an yar da buhu.

A rana ta uku kukan ya koma fushi. Ka ce ban taɓa taka tsanin ba, gaskiyarka. To na taka. Bernadine ta riƙe mini shi tana cewa, "Idan kika faɗo kaina, tsohuwa, sai na tashe ki na mare ki." Na yanke igiyoyinka da wuƙar burodi, na yaye tamfol.

Akwai rami a rufin, Orval. Takalminsa na aiki zai shiga ciki daidai. Robar da ke kewaye ta kumbura, ta yi laushi, tana yagewa a hannu. Katakon da ke ƙasa ya zama kamar burodin da aka jiƙa a madara. Da na kankare farin fentin wurin, sai ga baƙin abu a ƙasa, mai wari. Na kira Bernadine ta hau. Ta shinshina yatsanta ta ce, "Wane jaki ne ya shafa wa rufin roba kwalta? Cinye ta take yi! Ai ko jikata ta san wannan."

Na sauka na buɗe ma'ajiyar ƙarƙashin tirela. Gwangwanin yana bayan jak. A murfinsa an rubuta "rumbun baya" da rubutunka, irin wanda ke kan ambulan ɗin da ka aiko.

Sai na tuna. Agustan bara, da muka yi sati biyu a gonarka, Dewey ya ce zai shiga gari ya sayo farin danƙon da ake sa wa rufin roba. Ka yi dariya ka ce, "Rufi rufi ne, yaro. Na kanti na 'yan birni ne." Mutum da furfurarsa, amma in ka ce masa yaro sai ya sunkuyar da kai.

Ba raɓa ta kayar da shi ba. Ƙafarsa ce ta burma, ya tafi ta baya. Na ɗauka daga ƙasa ka jefa tamfol ɗin, ba ka gani ba, shi ya sa nake gaya maka.

Na ɓare duk robar gaban. Maza biyu na sansani sun taya ni ɗora allunan katako sababbi, ni na ɗaure su, ni na shimfiɗa sabuwar roba na bi gefenta da farin danƙo. Hannuwana sun yi kanta. An sa wa boris giris, an sa tayoyi huɗu sababbi. Ba mai ƙarafan da zai taɓa ta.

Saura kwana ashirin da uku. Ka kawo mota.

Verna

Gonar Tackett
28 ga Satumba

Verna,

Na gaishe ki. Na ce kada ki taɓa tamfol.

Shekara arba'in ina shafa kwaltar nan a rumbuna, ko ɗigo bai taɓa shiga ba. Ubanmu ma ita ya shafa. Yau wata direbar bas ce za ta kira ni jaki a bayan idona, ke kuma ki rubuto mini da hannunki?

Ban sa wa Dewey buroshi a hannu ba. Na ba shi gwangwani, shi ya hau. Yana da takardar bayani da aka sayar masa da tirela da ita, da ya karanta da ya sani. Kuma kin cika zuzuta abu. Ramin bai kai tafin hannu biyu ba, yana can gefen hagu kusa da tagar rufi, inda duk mai hankali ya san ba a takawa.

Ko kin yi rufin zinariya, mota ba ta zuwa. Ba zan binne mutum biyu saboda akwati ɗaya ba. Ɗakin coci yana nan har ƙarshen Oktoba.

Ki gai da malamarki, ki ce jakin yana gaishe ta.

Orval

Sansanin Bakin Kogi
4 ga Oktoba

Orval,

Yau babu gaisuwa. Na nema a bakina ban samu ba.

Ban gaya maka ramin yana hagu ba. Ban ambaci tagar rufi ba. Na tuna duk abin da na rubuta, don sau uku na kwafe shi kafin ya yi kyau.

Ashe hawa ka yi. Washegarin jana'iza, ina ciki da matan coci suna cusa mini miyar wake, kai kana sama. Ka ga ramin, ka ga baƙin abin, ka gane warinsa. Ka rufe, ka ɗaure da igiya shida, ka ɗauki mota ka tafi, don kada tirelar ta je inda wani zai hau ya duba. Shi ne kake ta kiran mai ƙarafa.

Abin da ka faɗa a bakin kabari, a lokacin ba ka sani ba, zafin rai ne, zan iya haɗiyewa. Amma a Satumba ka sani, ka sake rubutawa. Wata huɗu ka bar ni ina cewa ni na kashe mijina. Na daina kwana a kan gadon. Na daina shan kofi, Orval, ko ƙamshinsa ba na iyawa.

Na san kai ka rene shi bayan ubanku ya rasu. Ya sha ba ni labarin yadda kake goya shi zuwa makaranta cikin dusar ƙanƙara. Ban ce ka so ya mutu ba. Shi ma da nasa, shi ya bi kwaltar da farin fenti don kada in gani in yi magana. Mita kuwa na yi, ban musa ba. Amma ka ɗauki naka kason ka ɗora a kan nawa, ka tafi gida.

Na gaya wa Bernadine saƙonka. Ta ce, "Ki ce masa na janye. Jaki yana ɗaukar kayansa."

Akwai sabuwar tagar rufi mai fanka da Dewey ya saya bai kai ga sawa ba. Shekaranjiya na sa ta, na haɗa wayoyinta da batir, ta juya. Na zauna a ƙasa ina kallonta har na rasa ko dariya nake ko kuka.

Ba zan je gidan tsofaffi ba. Idan mota ba ta zo ba, zan tsiyaye bututun ruwa, in zuba masa maganin hana daskarewa, in cika tukwanen gas, in zauna a ciki bayan an sa kwaɗo. Mai sansani ya ce ba zai yarda ba, na ce to ya zo ya ɗauke ni. Idan aka same ni bayan ƙanƙara ta narke, ka zo bakin kabari ka sake yin jawabi.

Matar Dewey

13 ga Oktoba, a kan kujerar mota

Verna,

Gaisuwa. Na kawo mota, makulli yana ofis. Maƙwabcina ya biyo ni, zai mai da ni gida. Ban ƙaraso wurinki ba, ba na son ganin rufin.

Na sa sabon birki, na sa wa faranti giris. Na sa hannu a takardu, suna cikin aljihun gaba, babu sunana a ciki yanzu.

Ki ji da kyau, don malamarki ba ta san wannan farantin ba. Yana ƙara kamar ya kama alhali bai kama ba. Idan kin haɗa, ki sauka ki leƙa da tocila ko da rana ce. Ki ɗage ƙafafun ƙarfen da gaban tirela ke tsaye a kansu tsawon yatsa ɗaya kawai daga ƙasa, ki matse birkinta da hannu, ki ja a hankali. In ta zame, a kan ƙafafunta za ta zauna. A gangara ki sa ƙaramin giya, kada ki kwanta a kan birki.

Har yanzu ina ganin hauka ce. In wani abu ya same ki a hanya, kada a kira ni.

Sauran maganar ban iya ta ba.

Orval

Idaho Falls
16 ga Oktoba

Yaya Orval,

Ina gaishe ka. Mun tsallake dutsen farko lafiya, Bernadine a gaba, ni a baya.

Jan farko ta zame, ta zauna a kan ƙafafunta kamar yadda ka ce. Na biyu ta kama.

Jiya da muka fito na ga wata tsohuwar mota a gindin gada, da wani tsoho mai dogara sanda a tsaye a jikinta. Daga Roundup zuwa Livingston ba kusa ba ne ga mai ciwon ƙafa. Ban tsaya ba, ban iya tsayar da tan biyar a kan gada ba tukuna.

Ban yafe ba. Adireshin Yuma yana bayan katin nan.

Ka huta lafiya,
Verna