Ni Na Yi Ɗinkin, Iya Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan shafi. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin ni ma ban yafe wa kaina ba. A sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

A Sudan aka haife ni. Iyayena mutanen Barno ne da suka tafi hajji a ƙafa, suka yada zango a can, zama ya miƙe. A can na yi karatun nas da na ungozoma, na karɓi takardata, na yi shekaru a ɗakin haihuwa. Aure ya kawo ni Potiskum, unguwar Hausari, ana gab da canja kuɗi zuwa naira. Na zo da takardata a ƙasan akwati ina ji da kaina, wai gobe-gobe zan sa farin kaya. Ina! Aka ce takardar Sudan ta Sudan ce, sai masu yi wa nas-nas rajista a Legas sun yarda da ni, kuma kafin nan sai na zauna a asibiti wata Sista tana duba aikina, ta sa hannu cewa na iya. Tun ranar farko ta ja min kunne: "Ko allura ɗaya na ji kin yi wa wani a gida, magana ta ƙare." Ni da ban san iyakar haihuwar da na karɓa ba, na koma riƙe wa ɗalibai kwano. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

A unguwarmu akwai wata tsohuwar ungozoma, Iya Falmata. Ita ta yanke cibiyar maigidana, da rabin mutanen layinmu. Wata ranar kasuwa da damina, maza duk suna kara, wato kasuwar shanu, ana tsuga ruwa, maƙwabciyata Amina ta haihu, haihuwar fari. Sai ga Iya da kanta a ƙofata, zane a jiƙe, tana cewa, "'Yar Sudan, taso ki gani, wannan ya fi ƙarfin ruwan zafi." Na je na tarar yarinya ta ƙaru sosai, jini na zuba, idonta ya fara juyewa. Babu mota, hanya ta cika da ruwa. To me zan yi, in tsaya in ce Legas ba ta amsa ba? Ina da allura da zaren ɗinki na asibiti da na taho da su daga Sudan a gwangwani. Na dafa su, na ɗinke ta, jinin ya tsaya. Na roƙi matan ɗakin kada kowa ya ji.

Bayan suna zazzaɓi ya rufe Amina, wurin ya yi ruwa. Ko zaren ne ya tsufa, ko hannuna ne, Allah ne masani. Aka kawo ta asibiti, ɗakin da nake, Iya na biye. Sista ta duba, ta ɗago a fusace ta ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin?" Ina tsaye da kwano a hannu. Kafin in buɗe baki Iya ta ce, "Ni ce." Sista ta ce, "Da me, Mama?" Ta ce, "Da allurar ɗinkin hula. Ki yi haƙuri, tsufa ne." Sista ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ni kuwa na kafa wa kwanon ido.

Amina ta warke, alhamdulillahi. Amma magana ta kai ga Bulama, mai unguwarmu, ya kira Iya gaban mutane ya hana ta karɓar haihuwa. Matar da kowane suna kai da ƙafar rago nata ne, ga hatsi ga sabulu, yau ɓarar gyaɗa take yi wa mutane tana ci. Mata sun sa ta a baki, wai ta ɗinke 'yar mutane kamar buhu. Rannan a gidan biki wata ta ce min, "Ke da kika yi karatu, ashe ana ɗinke mutum da allurar hula?" Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya kyauta." Ni! Da bakina! Wace irin mace ce ni?

Maigida ya ce in kama bakina, tsohuwa ta ci zamaninta. Na kasa. Shekaranjiya na same ta a tsakar gidanta, na durƙusa ina kuka, na ce, "Iya, zan je in faɗa wa Sista gaskiya." Ba ta ko daina ɓarar gyaɗar ba. Ta ce, "Ki faɗa, sai a yi me? Ni dai an riga an hana ni, kuma ko kin faɗa za a ce ƙarya na yi wa hukuma. Ke ma a hana ki. Jikata Yagana ciki gare ta, wata bakwai. Wa zai karɓe ta? Tashi ki je ki karɓo takardarki." Sai ta ɗebi gyaɗa ta ƙulle min a gefen mayafi, wai in ci a hanya.

Mako mai zuwa Sista za ta sa hannu. In na yi shiru, zan sa farin kayan da na daɗe ina mafarki, in riƙa wucewa da su ta ƙofar matar da ake zagi saboda ni. In na yi magana, na rasa rajista har abada, kuma na zubar da abin da ta sayar da sunanta ta saya min. Gyaɗar tana nan a ƙulle, na kasa ci, na kasa zubarwa.

Jama'a, don Allah, me zan yi?