Bindigar Barewa a Hannun Ɗan Masunta

Assalamu alaikum Kawu Tamba,

Ina gaishe ka da Inna Baiwa da duk mutanen gidanmu na Argungu. Ya ruwa bana?

Ni lafiya lau nike nan Amurka. Sai dai ga ni cikin shanu kullum a gonar da nike aiki, amma naman halal ya yi mani nisa, na daɗe ban sa shi baki ba. Abokan aikina suka ce in sayi bindiga mu tafi farautar barewa da gada.

Kawu, da na tafi shagon da ake sayar da su, bangon duk bindigogi ne! Mai shagon ya ce wagga tana harbi nesa, waccan ba ta bugun kafaɗa. Kaina ya ɗaure. Sai na ɗauki guda na ƙwanƙwasa ta, na kasa kunne, yadda ka koya mani zaɓen goran kamun kifi. Mutumin ya zura mani ido, na ajiye na fito.

Don Allah tambayar mani Malam Munzali, tunda malami ne kuma maharbi: wace bindiga ta dace da ɗan koyo? Kuma in barewa ta mutu kafin in iso da wuƙa, bisimillar harbi ta isa?

In shi ma bai sani ba, aiko mani da busasshen kifi. Shi dai ba ya buƙatar yanka.

Ɗanka,
Sirajo