Gwiwar Kawu

Daren Laraba, Daura

Da hannuna na sa kwalbar enzayim, sinadarin da nake bincike da shi, a ƙasan firizar gida, tunda ɗakin gwajinmu babu wuta. Wata huɗu ina jiran isowarta. Yau na tarar da ita a sama, murfin ya saki. In ta narke, bincikena ya sha ruwa.

Jiya Kawu ya yi ta jujjuya kwalin da kwalbar ta zo a ciki. Na ce, "Kawu, ba magani ba ne. Irin sinadarin da jiki ke haɗa furotin da shi ne, bakteriya aka sa ta yi."

Ya ce, "Na jikin mutum dai ko, 'yar nan?"

Ban kama kowa ba. Amma mutumin da ya shekara yana kukan gwiwa, yau ya tafi Magariba ko sanda bai ɗauka ba.