Kunnuwana Ne, Ba na Kamfani Ba

Litinin, 4 ga Maris
Sun kawo mana sabuwar jami'ar kula da lafiyar ma'aikata, Renata Sobczak. 'Yar cikina ma ta girme ta. Ta tsaya bayan injina da wata 'yar na'urar auna ƙara, tana duba lamba tana girgiza kai. Wai daga yau kowa sai ya toshe kunne. Na ce mata shekara talatin da ɗaya ina buga ƙarfen ƙofar mota a wannan kamfani na birnin Toledo, da kunne nake gane inji zai yi gardama tun bai yi ba. Ta ce, "Baba Wendell, doka ce." Na ce to dokar ta zo ta buga ƙarfen.

Laraba, 6 ga Maris
Na rataya abin toshe kunnen da suka ba mu a wuya. Ai sawa aka ce, ba a ce a ina ba.

Juma'a, 8 ga Maris
Gwajin ji. Ka shiga wani ɗan akurki, ka danna maɓalli in ka ji sauti. Na daɗe zaune ina jira su fara. Ashe wai tuni sun fara. Na'urarsu ce ba ta da kyau.

Lahadi, 10 ga Maris
Mun dawo daga coci, matata Loretta ta ce har maƙwabta suna sauraren talabijin ɗina. "Sau uku ina kiran ka cin abinci." Na ce bayan shekara talatin da biyar da aure ai mutum ya iya zaɓen abin da zai ji. Ko murmushi. Ta dire kazar ta koma kicin.
Ƙugin nan na kunnen hagu ban gaya mata ba. Ba yau ya fara ba.

Talata, 12 ga Maris
Takardar gargaɗi ta farko. In ta kai uku za su ɗauke ni daga injin, su kai ni sito liƙa takarda a jikin kwali. Ni! Otis, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya ce, "Tsoho, ka sa abin nan mana, wataƙila ma ya ƙara maka kyau." Na ce ya ji da sanƙonsa.

Alhamis, 14 ga Maris
Ba na son rubuta wannan.
Na ja da baya zan ɗauki safar hannu, ban san Otis na tafe da kaya ba. Ya kauce mini, ya daki ginshiƙi, farantan ƙarfe suka zube inda nake tsaye daƙiƙa ɗaya kafin nan. Wuyan hannunsa ya karye. Ana fita da shi yana cewa, "Oda nake ta dannawa, Wendell! Ihu nake!"
Na ce wa Renata ta gani ko, da na toshe kunne ai da abin ya fi haka muni. Ta dube ni, ta ce, "Baba, ba ka toshe ba. Kuma ba ka ji ba."

Asabar, 16 ga Maris
Na kai wa Otis miyar wake. Matarsa ta karɓa a ƙofa, ba ta ce in shigo ba.

Litinin, 18 ga Maris
Na sami Renata a ofis, ban zauna ba. Na ce in shiru take so ta daina bin kunnuwanmu, ta bi ƙarfe. Rabin hayaniyar ba daga injin take ba. Gutsattsarin ƙarfe ne da ke faɗawa cikin kwandon ƙarfe tsirara, da tiyon iska da ke tsiyaya tun bara. Na faɗa wa manyan sau nawa? Na zaci za ta yi musu. Sai ta jawo takarda, ta ce, "Nuna mini."
Manaja ya ce babu lokacin tsayar da aiki. Da hutun rana na yanko tsohon bel na roba na shimfiɗa a kwandon, na ɗaure tiyon. Ban tambayi kowa ba. Su kore ni.

Laraba, 20 ga Maris
Lambar na'urar Renata ta sauka daga casa'in da takwas zuwa casa'in da ɗaya. Manaja ya ce a yi wa sauran injinan shida haka, har yana magana kamar shi ya ƙirƙiro. Renata ta ce har yanzu ya yi yawa, sai na toshe. Yarinyar nan ba ta da godiya.
Na sa. Saboda sito, ba don ita ba.

Talata, 2 ga Afrilu
Loretta ce ta nemi ganin likitan kunne, ni rakiya na yi. Ya saka mini wani ɗan abu mai ƙara ji a bayan kunne, wai gwaji na sati biyu. Ban ce zan riƙe ba.
A hanyar gida ta kunna sigina za ta sha kwana, na ji wani ƙyat, ƙyat, ƙyat. Na ce yaushe motar nan ta fara wannan ƙara, sai an kai ta gareji. Ta ce, "Tun ranar da muka saye ta, Wendell." Ta gangara gefen titi ta tsaya, ta kifa kai a sitiyari.
Na bar siginar tana yi. Ban kashe ba.