Yaran Jarida Ba a Korarsu

Daga Shugaban Jaridun Amurka zuwa ga Malam Maiwada tela, Minna. Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya Inna Kyauta?

Bayan haka, shekara saba'in ke nan muna zana yara biyu masu ƙiriniya a jaridarmu. Kowane mako sai sun yi ɓarna sun sha duka, amma ba a taɓa korarsu daga gida ba. To don me za ka kori ɗanka Mudi don ya ɗinke ƙafar wandon Liman? Lafiyarsa lau a Ikko, yana wanke-wanke gidan Bature, sai dai nasa wandon ya yi masa yawa.

Baba, wane Ba'amurke ya iya ajami? Ni ne, Mudi. Ina tafe a jirgin jajibere. Ka tanadi bulala, ka bar ƙofa a buɗe.