Yawo Za Mu, Ba Unguwa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda 'ya take yi wa uwa a durƙushe, ina fatan makwancinki yana da haske da yalwa. Mu nan muna lafiya, yara suna girma, manya suna ƙara taurin kai. Na san ba a kai takarda inda kike, ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, don haka na miƙa wa masu jarida ita. Wanda ya leƙa ya leƙa. Labari na kawo miki, kuma rabinsa ƙarar ɗanki ce.

Yaya Sani ya hana 'yarsa fita da ni. Ba ki san yarinyar ba, bayan rasuwarki aka haife ta, aka sa mata sunanki, shi ya sa ba mai iya kiran sunan a gidan, Uwani muke ce mata. Tana da irin tafiyarki, mai sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

Tun da na fara koyarwa a Kano, duk Asabar nakan shigo motar haya da 'ya'yana mata biyu, mu sauka a hanyar Kura zuwa Bunkure, mu ƙarasa gida. In an yi la'asar sai in ɗauki Uwani mu fita bayan gari mu yi ta tafiya har rana ta yi sanyi. Ba wanda ya taɓa cewa uffan, sai ranar da wani dattijo cikin masu zama a zauren Yaya ya tambaye ni ina muka nufa. Na ce masa, "Yawo za mu, Baba." Dattawan suka zuba mini ido kamar na ce gidan giya za mu.

Kin san kalmar nan, Inna. Namiji in ya yi yawo sai a ce ya san duniya. Mace kuwa in aka ce tana yawo, an gama da ita, ba sai an ƙara bayani ba. Kafin magariba zance ya gama gari: boko ya lalata Binta, ga shi tana koya wa 'yar mutane yawo, har tana faɗa da bakinta. Da muka dawo Yaya ya tare ni a soro, ya ce Uwani ta yi fitarta ta ƙarshe da ni. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya. Cewa ya yi in ji kunyar kabarinki, wai ke mace ce mai kulle, har kika koma ga Allah ƙafarki ba ta taɓa taka waje ba sai in unguwa za ki.

To, gaskiya ya faɗa. Unguwa kike zuwa. Bari in tuna miki unguwar, ko shi ma ya ji a bakin masu karanta jarida.

Da kaka, in an gama shigar da hatsi, sai ki yafa mayafinki, ki tsaya a bakin turakar Baba ki ce, "Malam, za mu unguwa." Shi kuma ko kai ba ya ɗagawa daga igiyar da yake tufka, sai ya ce a gaishe su. Mu fita, ke da ƙwarya a ka, ni a gefenki, Yaya a gaba da karan dawa yana sarar ciyawa kamar shi aka ba tsaron mu. Mu wuce gidan ƙarshe, mu shiga burtalin da shanun Fulani suke bi, mu gangara fadama.

Ranar farko da na yi wayon lura cewa gidaje sun ƙare, na tambaye ki gidan wa za mu. Kika ce, "Gidan gauraka. Ta ƙyanƙyashe, za mu yi mata barka." Kuma kika yi. Na gan ki da idona kin tsaya a bakin ruwa kina yi wa tsuntsuwa barka da arziki, da cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar kwanan jarirai.

Akwai dutsen nan mai faɗi da tsamiyoyi suka kewaye. Nan kike cire mayafi ki shimfiɗa, ki miƙe ƙafa, ki kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa. A gida ban taɓa ganin ki zaune ba aiki a hannunki ba. A kan dutsen nan kuwa kina iya zama ki zuba wa sama ido, ba kya tsinkar zogale, ba kya kaɗi, ba komai. Yaya ya haye tsamiya yana karkaɗo mana, ke kuma, da yake ɗan fari ne ba kya faɗar sunansa, sai dai ki ce, "Kai wannan, sauko hakanan." Wata rana ya sauko da sauri fiye da yadda ya yi niyya, har yau tabon yana haɓarsa. Ban san abin da yake gaya wa masu tambaya ba. Wataƙila yana cewa a unguwa ya samu.

In mun dawo Baba ya tambayi mutanen gidan, ki ce suna gaishe shi. Kashegari ya sha kunun sabuwar tsamiya, ya yaba, bai taɓa tambayar wace unguwa ce take rabon tsamiya ba. Na daɗe ina ɗauka wayo kike yi masa. Sai da na yi aure na gane ku biyun kuka haɗu kuka yi wa gari wayo.

Da za ki dawo yau ba za ki gane hanyar ba. Bayan tafiyarki masu awon ƙasa suka zo, katafila ta biyo su, aka baje ƙasar kamar an yi mata guga. Burtalin ya tafi, kanya da ɗorawa da yawa sun tafi. Aka jawo ruwa daga madatsar Tiga ta wata doguwar hanya miƙaƙƙiya da ake kira kanal. Ba kuka na zo yi miki ba. Na ga shekarun fari da idona, na kuma ga Yaya yana girbe alkama da tumatir a tsakiyar rani, ya yi rufin kwano, ya sayi keke da rediyo. Ruwan alheri ne. Kuma gaɓar kanal ɗin ta zama hanya mai daɗin bi: balbelu suna bin masu ban-ruwa, agwagin daji sun gano wurin, kore ko'ina a lokacin da dā sai ƙura da kara. Dutsenki ya fi ƙarfin katafila, yana nan, da tsamiya guda da ta tsira a gindinsa. Can nake kai yaran. Gauraka dai ta yi ƙaura, ba ta bar sallahu ba.

Asabar ɗin da ta biyo bayan hanin, Yaya ya huce ya kira ni gefe, inda ba mai ji. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki ce unguwa kawai mana, Binta, kamar yadda Inna take cewa. Me zai ragu a jikinki?" Kin ji, ashe bai manta komai ba. Ya yarda yarinya ta taka duk inda ƙafarta za ta kai, muddin za a canza wa tafiyar suna a bakin zaure.

Na ƙi. Na san a nan za ki harare ni, ki ce kalma ɗaya ce, in faɗa in fitar da yarinya ta sha iska. Na yi wannan gardamar da ke a raina ba sau ɗaya ba, kuma yawanci ke kike cinyewa. Amma dubi abin da ya same ki. Shekara da shekaru kina tafiya, kin san kowace bishiya tsakanin garinmu da fadama, kin san watan da ɗinya take nuna da inda zalɓe yake tsayawa. Da kika rasu, da yake tafiyar ba ta da suna, sai ɗanki ya tsaya a soro ya ce ba a yi ta ba, kuma ba mai ƙaryata shi sai ni. Ke kin yi sa'ar miji mai cewa a gaishe su. Uwani fa? In na koya mata cewa sai ta laɓe a bayan unguwa, ran da ta haɗu da mai tambayar gidan wa, da sunan maigidan, shi ke nan, ta zauna. Ina so ta san cewa mace tana iya fita ta kalli ruwa da tsuntsaye don tana so, ta dawo da mutuncinta cif, ta kuma faɗi inda ta je.

Masu cewa a jami'a na koyo wannan sun yi wa jami'a kyautar da ba ta cancanta ba. A Zariya an koya mini abubuwa da yawa, wasu ma suna da amfani, amma ba wanda ya taɓa kai ni barkar gauraka.

Sai dai taurin kan nawa ba ni ya fi cuta ba, kuma na san haka. Asabar bayan Asabar nakan tsaya a zaure, in durƙusa in gaida dattawa yadda kika koya mini, in tambayi iyali da gona, sannan in ce yawo za mu, ko ba a tambaye ni ba. In wuce da nawa biyun, Uwani tana leƙe ta bayan zana. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Sau ɗaya kawai ta aiko babbar 'yata ta tambaye ni ko 'ya'yan agwagin nan da muka gani sun fara tashi. Ranar nan, Inna, saura kaɗan in ce unguwa. Na kai bakin zaure da kalmar a harshena, na haɗiye ta.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da Yaya a zaure yana liƙe tayar kekensa, dattawan suna kewaye da shi. Na gaishe su, na faɗi abin da na saba faɗa. Ya daɗe yana murza robar nan kamar ita ta yi masa laifi. Can sai ya ɗaga murya ya ce wa Uwani ta ɗauko takalmanta. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya shaida wa dattawa cewa shi zai je duba ruwa a gona. Kowa a zauren ya san an rufe ruwan ɓangarensu a makon nan ana yashe kanal. Ba wanda ya tuna masa.

Haka muka tafi, yara uku a gaba suna tsere a kan gaɓa, ni a tsakiya, shi can baya yana tura keke, yana duban busasshiyar hanyar ruwa da iyakar gaskiyarsa. Agwagin sun riga sun tashi, Uwani ba ta same su ba, kuma wannan ni na jawo mata. Amma ta haye dutsen, ta tsaya a ƙololuwarsa ta ce tana hango har garin Kadawa.

Da muka shigo gari wata maƙwabciya ta leƙo ta tambaye ta daga ina haka ƙafa duk ƙura. Takwararki ta ce, "Yawo muka je da Gwaggo." Ubanta yana tsaye a bayanta riƙe da keke. Ya yi gyaran murya, na jira, bai gyara mata ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki ke da Baba, Ya yalwata muku makwanci. Ya sa ki a Aljanna mai ƙoramu da inuwa, inda za ki tashi ki tafi duk inda kika ga dama. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu lafiyar ƙafa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Binta